Injin Fetur a Gurbin Dokin Baba

Ni dai tun ina yaro tambaya ce cutata. Me ya sa ruwan rake yake yin duhu in ya ji wuta, me ya sa doki yake barci a tsaye, wa ya haƙa rijiyar gidanmu. Innata takan ce in yi wa Allah in bar mutane su huta. To amma akwai abu guda da na fi shekara ashirin ina gani da idona ban taɓa tambaya a kansa ba, sai ranar da na kusa jawo wa mahaifina asarar noman shekara guda.

Ƙauyenmu yana ƙasar Kiru. In ka baro Kwanar Dangora ka ɗauki hanyar Tudun Wada, ba za ka yi nisa ba za ka saki kwalta ka gangara fadama. Mahaifina, Baba muke ce masa, rake yake nomawa, kuma ba ya sayar da shi ɗanye, mazarƙwaila yake yi. Abin matsar da ya gada wajen kakana wani baƙin ƙarfe ne mai ƙafafu, da mulmulallun ƙarafa uku a tsaye suna murza juna. A samansa akwai dogon itacen marke a kwance. Sai a ɗaura igiya a jikin itacen, doki ya riƙa ja yana zagayawa, mutum ɗaya a tsugune yana cusa rake, ruwa yana tsiyaya cikin daro, daga nan sai babban kasko a kan wuta. Itacen Baba ne ya saro shi da kansa shekarar da ya sayi dokinmu. Ina firamare huji ɗaya ne a jikinsa, inda ake zura igiya. Daga baya na ga sun zama biyu, sannan uku, kowanne ya fi na baya matsawa wajen bakin itacen. Wannan ne abin da ban tambaya ba.

Baba yana da doka guda da ba ya karyawa. Ba a yanka rake sai daidai wanda doki zai matse a wunin nan. Dalili kuwa, rake in ya rabu da gindinsa ba ya jiran kowa. Kwana biyu ya fara bushewa, kwana uku zuwa huɗu ruwansa ya fara tsami, in ka dafa ba zai ɗaure ba, sai ka tashi da wani abu mai yauƙi da ba mai saye. Saboda haka aikin matsa a gidanmu yakan ja makonni, kullum kaɗan-kaɗan, kuma Baba a tsaye yake yin sa. Ban taɓa ganin ya zauna ba muddin ƙarafan nan suna juyawa.

Da na samu aikin koyarwa a Tudun Wada sai na koma can da zama, ina leƙo gida ƙarshen mako. Dokin kuma ya tsufa, baya ya lotsa, ana ganin haƙarƙari. Wasu maƙwabtanmu tuni sun ɗaura babur a gurbin doki, mutum ya hau ya yi ta zagaye har jiri ya ɗebe shi. Ni abin nan bai yi mini ba sam, na ce in za a yi gyara a yi na gaske, a sa inji. Shekara biyu ina damun Baba da maganar, yana ce mini dokin bai kawo masa ƙara ba. A shekara ta uku, bayan ruwa ya ɗauke, muna zaune a zaure sai ya dube ni. Ni ne ɗan fari, ba ya kiran sunana, in ya so tsokana malamin boko yake ce mini.

"Malamin boko, maganar injin nan taka tana nan kuwa?"

Daɗi ya kama ni. Na ɗauka hujjojina ne suka yi aiki, har na je na ba wa matata labarin yadda na shawo kan tsoho. Aka sayar da dokin wa wani mai noman dankali daga can Doguwa, wanda ya ce ba aiki zai sa shi ba, hawa kawai zai riƙa yi zuwa gona. Ranar da aka zo tafiya da shi Baba bai tsaya ba, ya ce yana da abin dubawa a fadama. Itacen marken aka kwance. Na ce a faskara shi a yi makamashi, washegari na ga Baba ya jingine shi bayan rumbu.

A Kwanar Dangora akwai wani dattijon bakanike mai gyaran injinan niƙa, yana kuma taɓa walda. Shi ya zo ya auna abin matsarmu, ya samo ƙarfen bayan wata tsohuwar mota mai haƙora a ciki, ya ɗora a saman inda itacen yake, ya haɗa masa tayar da bel zai riƙa ja. Da ya gama ya ce saura inji, in je in sayo na dizal, wanda mu nan gas muke ce masa, irin na niƙa mai tafiya a hankali. Sau biyu ya maimaita.

Na shiga Kano. A shagon da na je na ga injin dizal ɗin, baƙi, mummuna, sai mutum huɗu sun taru kafin ya ɗagu, ga tsada, ga shi man nasa ma ya fi fetur tsada a lokacin. A gefensa kuma ga wani ɗan ja mai sheƙi na fetur, ni kaɗai na ɗaga shi, igiya kawai za ka ja ya tashi. Na duƙa na duba ɗan farantin da ake liƙawa a jikinsu. Lambar ƙarfin da aka rubuta wa wannan ita aka rubuta wa wancan. Na tambayi mai shagon, ya ce ƙwarai ƙarfinsu ɗaya, kuma wallahi bai yi mini ƙarya ba. Akwai wata lamba a ƙasan waccan, ta jan ta ninka ta baƙin, amma ban kula ta ba. Ni da nake koyar da lissafi, na ga lamba ta yi daidai da lamba, me kuma ya rage? Na ɗauko ja na taho ina jin kaina.

Da bakaniken ya ga abin da na sauke, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Malam, ba wannan na ce ba." Nan na buɗe masa aji. Na nuna masa farantin, na yi masa bayanin cewa zamani ya wuce da ake auna ƙarfi da nauyin ƙarfe. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Ya ce to Allah ya sa a dace, amma a riƙa ba shi rake ɗaya-ɗaya. Ya ɗaura, ya tafi. Na bi bayansa da kallo ina cewa a raina tsofaffin nan ba sa son a fi su sani.

Ranar Alhamis da la'asar muka gwada. Kan rake ne sirara muka samu a kusa, aka ja igiya, injin ya ɗauka da wata ƙara kamar zai tashi sama. Ƙarafan suka riƙa juyawa da saurin da ba su taɓa yi ba, kafin ka ce me ruwa ya rufe gindin daro. Mutanen unguwa suka taru. Ni kuwa baki ya buɗe, na ce aikin da doki yake mako uku yana yi, wannan kwana biyu ya ishe shi. Baba ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata. Ya sake tambaya bayan sallar magariba, na ce Baba ai ka gani da idonka.

Ranar Juma'a da sassafe ya ɗauko masu yanka, suka kwantar da raken gangaren fadama gaba ɗaya. Tun da nake ban taɓa ganin ya karya dokarsa ba sai ranar. Na yi mamaki, amma mamakin bai hana ni jin daɗi ba, na ce tsoho ya waye. Kafin a tafi masallaci rake ya taru a gindin mangwaro, tsibi ya kai tsayin ɗaki. Noman shekarar ke nan kusan duka.

Asabar da hantsi aka hura wuta a ƙarƙashin kasko, na ja igiya, ja ya tashi da ƙararsa. Baba ya ɗebo rake uku masu kauri, na gindi, irin yadda ya saba ba dokin, ya cusa. Ƙarar ta yi ƙasa, ta shaƙe, injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Muka zaro raken da kyar. Na sake tayarwa, na ce a ba shi biyu. Ya mutu. Aka ba shi ɗaya, ya ci rabi, da ya iso gaɓa mai tauri sai bel ya fara zamewa yana hayaƙi yana warin roba. Na ɗaure bel ɗin tamau, sai injin ya koma mutuwa. Muka koma tsaga rake biyu da adda kafin mu ba shi, kamar masu ciyar da marar haƙori. Zuwa azahar hannuna ya yi kanta saboda jan igiya, injin ya yi zafin da ba ya taɓuwa, abin da muka matse kuwa bai kai rabin na tsohon dokin da muka sayar ba. Na dubi tsibin nan a rana, kamar ba a taɓa shi ba.

Baba ya ci gaba da tsaga rake. Da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ni kuma in kunya ta kama ni fushi take komawa, halina ne, na sani. Na hau babur na nufi Kwanar Dangora ina shirya maganganun da zan gaya wa bakaniken, don na riga na yanke cewa haɗinsa ne bai yi daidai ba.

Na same shi a rumfarsa ya buɗe wani injin niƙa yana wanke kayan ciki a cikin kwano. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na fara. Ya bar ni na zazzage, sannan ya nuna mini benci ya ce in zauna, ya tambayi lafiyar Baba. Kunya ta sake rufe ni, na gaishe shi yadda ya kamata.

Bai fara da injin ba. Akwai wata tayar babbar mota a jingine da wani noti da ya yi tsatsa a jiki. Ya miƙo mini ɗan gajeren sifana ya ce in kwance. Na danna har jijiyar wuyana ta fito, ko motsi. Ya ɗauko wani dogon bututun ƙarfe ya zura a hannun sifanan, ya ce in kama can ƙarshe. Da hannu ɗaya na danna, notin ya yi ƙara ya juya. Ya tambaye ni ko wani abu na ci tsakanin ɗazu da yanzu da ya ƙara mini ƙarfi. Na ce a'a. Ya ce to wannan shi ne ƙarfin murɗawa, kuma daban yake da gudu. Abin matsar rake ba gudu yake nema ba, murɗa yake nema.

Kun san abin haushi? Wannan darasin yana cikin littafin da nake koyarwa. Na sha zana shi a allo, da kibiya da komai. Ban taɓa zaton yana da dangi a cikin inji ba. Nan take fushin ya tafi, tsohuwar cutata ta tashi, na matso da benci na fara tambaya.

Na ce to me ya haɗa sifana da dizal? Ya ɗaga fistin ɗin injin da ya buɗe, wato gungumen ƙarfen da yake hawa da sauka a ciki, ya sa mini a hannu, ya ɗauko na wani injin fetur ya sa a ɗayan. Ɗaya kamar gwangwanin madara babba, ɗaya kamar kofin shayi. Sannan ya nuna mini lanƙwasasshen ƙarfen da fistin yake turawa. Na dizal lanƙwasarsa ta fi nisa daga tsakiya. Ya ce ka ga bututunka nan, an gina shi a ciki. Fistin ɗin yana yin doguwar tafiya, kowane bugu yana tura dogon hannu.

Na leƙa kan injin na ce ina fulogi? Ya yi dariya ya ce ai dizal ba ya da shi. Na ce to wa yake kunna wutar? Ya kai ni wajen injinsa na kansa, wanda yake ja masa janaretan walda, ya sa hannun tayarwa ya ce in juya. Na juya rabi sai na ji kamar na ci karo da bango, abin ya turo ni baya. Ya ce iska ce kawai nake matsewa. Injin fetur yana ɗan matse iska da mai ne, fulogi ya ba su wuta. Shi kuwa dizal matse iskar yake yi har ta yi zafin da in aka fesa mata mai zai kama da kansa. Abin da aka matse haka in ya fashe, turin da zai yi ba irin na wancan ba ne. Shi ya sa ake yin jikinsa da kauri, shi ya sa mutum huɗu suke ɗaukarsa. Na tsaya ina shafa ƙarfen. Iska, wai iskar da muke shaƙa, a matse ta har ta kunna mai! Wallahi a lokacin na manta da rake, na manta da Baba, abin ya burge ni ƙwarai.

Amma lambar nan tana cina. Na ce Oga, to don me aka rubuta musu ƙarfi ɗaya, ƙarya ce ke nan? Ya ce ba ƙarya ba ce. Ya tambaye ni ko na karanta lambar ƙasa, na ce na gan ta dai. Ya ce ita ce yawan juyin da injin yake yi kafin ya ba da wancan ƙarfin. Ya ce in ɗauka an ba mutum biyu kwasar yashi, ɗaya da ɗan kwano yana gudu, ɗaya da babban daro yana takawa a hankali. Da yamma tsibinsu zai iya zama ɗaya, lambar sama ke nan. To amma a ajiye musu dutse guda a ce su ɗaga, nan za ka san bambancinsu. Naka ja ɗin, in ji shi, ƙarfinsa yana can sama cikin gudu. Rake mai kauri ya riƙe shi, gudun ya ragu, ba shi da abin da zai ture da shi, sai ya ƙara raguwa har ya mutu. Dizal kuwa tun yana tafiya a hankali murɗarsa tana nan, ga kuma babbar tayar ƙarfen nan a gefensa, in ta ɗauki juyi ba ta tsayawa don gaɓar rake. Ya ce in na taɓa bin hanyar Doguwa ai na ga manyan motoci da lodin masara suna hawa tudu kamar za su tsaya amma ba sa tsayawa. Na ce na gani. Ya ce to ka taɓa jin ɗaya tana shan fetur?

Na tambaye shi ko ja ɗin ba zai taɓa yi ba ke nan. Ya ce zai yi, in aka ƙara masa wani sandan ƙarfe a tsakani da ƙaramar taya da babba, a karya gudun a mayar da shi murɗa. Sai dai kayan sai an nemo daga Kano ko Zariya, aikin mako guda ne. Shi haɗin da ya yi, don mai tafiya a hankali ya auna shi, kuma ya gaya mini. Na ce ka gaya mini. Sai a lokacin na tuna da tsibin da ke gindin mangwaro, na gaya masa yawan abin da aka yanka. Ya ajiye tsumman hannunsa ya yi salati. Ya ce zai ara mana nasa injin, amma akwai ƙofar ƙarfe da ya yi wa wani alkawari, ba zai iya kwance shi ba sai jibi. Na roƙe shi, ya ce alkawari ne Malam. Jibi Litinin, raken zai kwana uku ke nan.

Na kamo hanya ina lissafin yadda zan faɗa wa Baba. Da na gangara fadama, tun daga nesa na ga babu ƙarfen motar a saman abin matsa. An kwance shi an ajiye gefe tare da jan injina, an rufa musu buhu. Itacen marken ya koma wurinsa, kuma yana juyawa. Wani maƙwabcinmu ne a tsugune yana cusa rake. A bakin itacen kuwa, inda doki yake tsayawa, Baba ne, ya sa ɗamarar ƙirjin dokin a nasa ƙirjin, ya sunkuya yana ja yana zagayawa.

Na yar da babur na ruga na tare itacen. Ya tsaya yana haki. Ina ƙoƙarin kwance igiyar sai idona ya sauka a kan hujin nan, kuma a karon farko na gane abin da nake gani, don ɗazu-ɗazu aka zura mini bututu a sifana. Na farko kusa da tsakiya, lokacin da dokin yake da ƙuruciya, zagaye gajere, ja mai nauyi. Da ya fara manyanta aka matsa masa waje, tafiyar ta ƙaru, nauyin ya ragu. Na uku na tsufansa ne. Baba bai taɓa shiga aji ba, amma shekara ashirin yana yi wa dokinsa lissafin da nake zanawa a allo. Sai dai igiyar da ke hannuna ba a na uku take ba. Akwai na huɗu, can a bakin itacen, inda babu sauran wurin matsawa. Na ɗauka yau ya huda shi. Na sa yatsa na ji bakinsa sumul, igiya ta daɗe tana cin sa.

Na ce, "Baba, wannan na yaushe ne?"

Ya goge fuska da gefen rigarsa. "Na bara ne. Da bara waccan."

"Ai ban taɓa ganin an ɗaura dokin a nan ba."

"Ba na doki ba ne."

Maƙwabcin namu ya sunkuyar da kai yana gyara raken da ba ya buƙatar gyara. Daga baya Inna ta cika mini sauran. Shekara biyu ke nan dokin ba ya iya juya ƙarafan shi kaɗai. Daga Litinin zuwa Juma'a su biyu suke ja, dokin a huji na uku, Baba a na huɗu. In Asabar ta zo, ranar da nake gida, sai ya rage raken ya bar dokin ya lallaɓa shi kaɗai, kuma ya hana kowa ya gaya mini. Bana da damina ƙirjinsa ya fara ciwo. Ashe ba hujjojina ne suka shawo kansa ba. Ashe kuma da ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata, sannan ya kwantar da fadama guda a yini ɗaya, ba wayewa ba ce, gajiya ce. So yake a yi a gama ya huta. Ni mai tambaya, na tambayi dalilin barcin doki, ban taɓa tambayar yadda mahaifina yake kwana ba. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, kuma wannan karon ba ta koma fushi ba.

Na cire masa ɗamarar na sa a ƙirjina. Ya so ya hana, wai malamin boko ba zai iya ba, na ce ya koma wajen kasko. Zagaye goma na yi na fara ganin duhu-duhu. Ɗamarar tana warin doki da gumin mutum. Na ja har magariba, Lahadi ma tun daga asuba, maƙwabta biyu suna karɓata in na faɗi. Mun rage tsibin, amma ba mu ci rabinsa ba.

Litinin da hantsi bakaniken ya iso da injinsa a bayan akori-kura, mu huɗu muka sauke shi. Aka mayar da ƙarfen motar, aka ɗaura bel, ya juya hannun tayarwa. Injin ya yi tari, ya fitar da baƙin hayaƙi, ya kama tuf, tuf, tuf, a hankali har kana iya ƙirgawa. Mutanen da suka taru ranar Alhamis sun sake taruwa, ba wanda ya dube ni, ni ma ban nemi ido ba. Baba ya ɗebo rake uku masu kauri, na gindi, ya cusa. Muryar injin ta yi nauyi, ta yi ƙasa. Ta ci gaba. Raken ya shige ya fito ta baya a bushe, ruwa ya zubo.

Zuwa yammacin Talata muka gama. Na ƙasan tsibin, wanda ya fi daɗewa, ya riga ya yi tsami. Kasko biyu muka dafa ba su ɗaure ba, sai Baba ya ce a bar sauran, ya aika aka kira Fulanin da ke mashekari bayan fadama suka kwashe wa shanunsu. Kusan kashi ɗaya cikin uku na noman ya tafi a haka. Har yau bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko da wasa. Ja ɗin yana nan, ban ruwa yake mana da rani, kuma a nan ba shi da laifi, gudu ake so. Kafin wata kakar na sayo baƙi mai nauyi, na karanta lambobin duka biyu.

Abin da ya fi zauna mini a rai dai shi ne safiyar Litinin ɗin. Bayan rake ukun nan sun wuce, Baba ya ƙara uku, ya tsaya ya karkata kai yana sauraren injin kamar yadda yake sauraren numfashin dokinsa. Ya ce wa bakaniken wannan ya san aiki. Sannan ya miƙa wa maƙwabcinmu raken da ke hannunsa, ya taka zuwa gindin mangwaro, ya dafa ƙirji, ya zauna a kan tarin tuƙar rake. Ƙarafan suna ta juyawa, shi kuma yana zaune.